Gina Rami, Gina Gida: Ina Ake Kai Ƙasar da Aka Tono?

Akwai wata kalma a Hausa da na daɗe ina juya ta a raina. Bahaushe yakan ce ya gina ɗaki, yakan kuma ce ya gina rijiya. Aikin farko ɗora ƙasa ne bisa ƙasa har ta yi tsayi, na biyu kuwa kwashe ta ne har wuri ya yi zurfi, amma bakinsa bai raba su ba. A Kano an fi jin haƙa ko tono, amma a ƙasar Zamfara har gobe gina rami ake yi, kuma karin maganar nan da ke gargaɗin mai ramin mugunta da gina ta zo. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarancin kalmomi ba. Mutanen da suka bar mana harshen sun san duk katangar da ke tsaye akwai raminta a kusa, kuma hannun da ya yi ɗaya shi ya yi ɗayan.

Abin da ya dawo mini da wannan tunani shi ne bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka fi sani da AKK. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yuni, 2020. Tsawonsa kilomita 614, faɗin bakinsa inci 40, wato mita ɗaya da ɗan ɗoriya. An yi ta magana a kan kuɗinsa, da wa'adin da ya sha wucewa, da wahalar ƙetare kogin Neja, wadda sai a tsakiyar 2025 aka sanar an kammala. Abin da ban ji ana tattaunawa ba shi ne ƙasar da aka tono domin a binne shi.

Mai karatu zai iya yin lissafin da kansa. Bututu mai wannan kauri yana cin wurin ƙasa kimanin kubik mita 810 a kowace kilomita. Idan tifa tana ɗaukar kubik mita goma, lodi tamanin ke nan. A tsawon hanyar duka, abin ya doshi kubik mita rabin miliyan, lodin tifa kusan dubu hamsin, na ƙasar da ba ta da wurin komawa domin ƙarfe ya zauna a mazauninta. Ban ma sa kumburin da ƙasa ke yi idan an tono ta ba, da duwatsun da ba a yarda a mayar da su jikin bututu.

AKK bai bi ta Zamfara ba. Manomin Mada, a gabashin Gusau, ko na Tsafe ko na Bunguɗu, bai ga katafilarsa a gonarsa ba. Amma yankin nan ba baƙo ba ne ga dogon rami. Layin dogo ya tsaga shi, bututun mai ya shige shi, ana faɗaɗa babbar hanyar Zariya zuwa Sakkwato ta cikinsa, kuma maganar bututun da zai haura Hamada ya kai gas Aljeriya ta Nijar, wadda ƙasashen uku suka sa wa hannu a Abuja a 2009 suka sabunta a 2022, ba ta mutu ba. Idan gas ya zauna a Kaduna da Kano, rassa za su biyo baya. Gara a yi maganar tun katafila ba ta iso ba.

Mu koma baya tukuna.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar birnin. An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, an sake faɗaɗawa a ƙarni na 17. Da sojojin Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903, Lugga ya rubuta wa magabatansa cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kimanin ƙafa 40, ga kuma rami riɓi biyu a gabanta. Masu yawon buɗe ido badala suke kallo. Mai lissafin ƙasa kuwa ramin zai kalla, domin daga nan badalar ta fito. Ba jaki ne ya yi jigilar wannan tulin daga nesa ba. An gina rami a waje, an jefa ƙasarsa ciki, sai aka sami kariya biyu da wahala ɗaya: maharin da ya zo sai ya gangara kafin ya hau, kuma kowane kamu da aka ƙara wa zurfin ramin ya zama ƙari ga tsayin bango. A cikin ramin a bar sarƙaƙiya ta yi duhu. Bayan damina kuma, idan ruwa ya ci bangon, a raba shi yanki-yanki, kowace unguwa da kowane ƙauye da nasu, a yashe ramin a mayar da abin da ya zube inda ya fito.

Haka aka yi a Katsina da Zazzau, haka aka yi a Birnin Zamfara da Alƙalawa, haka kuma garuruwan da suka tashi bayan jihadi suka yi. Gusau da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa ta yi ganuwarta, kuma sunaye irin su Ƙofar Jange da Ƙofar Mani sun rayu bayan bangon da ya haife su ya kwanta.

A cikin gari kuwa kududdufi ne. Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwa ya san nasu, ya kuma sha dūka a kansa. Abin da yaro bai sani ba shi ne, wannan ramin shi ne unguwar a juye. Daga cikinsa aka ɗebi ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, aka bar ta ta ruɓa, aka mulmula tubali, aka tayar da zaure da soro da rumbu. Magini ba kowace ƙasa yake karɓa ba. Ya san wadda ke da birji, mai riƙe nauyi, ya san mai yumɓu da yawa da za ta tsage idan ta bushe, ya san ta yaɓe, ya san ta daɓe. Ƙasar sama, baƙa mai taki, ba ta gini. Wannan ta gona ce. Ko abin da wasu sana'o'i suka zubar bai tsira daga hannunsa ba: katsin da aka yaso daga karofin marina shi ake ƙonawa a haɗa laso, ɓawon ɗorawa kuma a yi makuba. Da irin wannan sani Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, bakan gizonsa na nan har yau a ƙarƙashin rufin da aka yi masa daga baya.

Ramin da aka bari shi ma bai zauna banza ba. Ruwan saman unguwa can yake gangarawa, ya jira, ya tsiyaye a hankali ya ciyar da rijiyoyi. Da rani ana kwaɓa da ruwansa, ana shayar da dabbobi. Idan gida ya rushe, ƙasarsa ta koma sabon gini ko ta tafi gona a kan jaki tare da shara da toka. Ba na so in yi wa kududdufi kwalliyar da ba shi da ita. Clapperton da ya shiga Kano a 1824, da Barth da ya zo a 1851, duk sun koka da ruwan kwance a tsakiyar birnin, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sauro a nan yake, wari a nan yake, yara sun nutse a ciki. Amma duk wanda ya ga yadda ruwa ke shiga ɗakunan mutane a unguwannin da aka cike kududdufansu da bola aka yi filoti ya san ramin nan yana wani aiki da ba a biya shi ba.

Turawa su suka raba gina biyu. Aikin dogo daga Baro ya isa Kano a 1911, da dubban leburorin da aka tara ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, domin auduga da gyaɗa. Kalmomin diga da shebur a wannan zamani suka shigo bakinmu. Injiniyan jirgi ma yana da nasa lissafin, yakan yanke tudu ya cike kwari da ƙasarsa. Amma inda lissafin bai yi daidai ba, sai a buɗe rami a gefen layi a ɗiba, a wuce. Bambancin ke nan da kududdufi: mai ramin ba ya kwana kusa da shi. A daidai lokacin kuma likitocin mulkin mallaka, waɗanda suka san tun 1897 cewa sauro ke kawo zazzaɓi, suka ɗaura yaƙi da ramukan cikin gari, duba-gari yana bi yana cin tara. Gwamnati ɗaya tana hana talaka ramin da yake amfana da shi, tana kuma bar masa wanda bai roƙa ba.

Darasi mafi ɗaci a wannan yanki a Bakolori yake. An kammala madatsar ruwan a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin. Domin a shimfiɗa filin ban ruwa, aka sa injuna suka baje gonakin mutane, aka tumɓuke itatuwa, iyakokin da kaka da kakanni suka sani suka ɓace a ƙarƙashin buldoza. Manoma suka yi damina bayan damina ba su shuka ba, diyya ta yi ta jan ƙafa, da aka zo mayar da filaye kuma rabon ya rikice. Suka tare hanyoyin aikin. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ambaci adadi kaɗan, mutanen yankin da wasu masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Akan ba da labarin Bakolori a matsayin rikicin kuɗin diyya, kuma haka ne. Amma a ƙarƙashinsa akwai saɓanin fahimta: ga mai zanen aikin, ƙasa abu ce da ake turawa daga nan zuwa can har awo ya daidaita, ga manomi, wannan taki ashirin ɗin da mahaifinsa ya yi shekara talatin yana zuba wa taki ba ɗaya yake da na maƙwabcinsa ba.

A wajen wannan lokaci ne kuma, da aka gina matatar mai ta Kaduna wadda ta fara aiki a 1980, aka ja bututun tataccen mai daga Zariya zuwa ma'ajiyar NNPC da ke Gusau. Siriri ne idan an gwada shi da AKK, kuma an binne shi shekaru kafin dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992. A wancan zamani babu takardar da ta tilasta wa ɗan kwangila ya faɗi inda zai kai ƙasa.

Yau ƙa'idar aikin a rubuce take, kuma abin mamaki, kusan ita ce ta tsohon magini. Da farko a kankare ƙasar sama a tara ta gefe guda, ita kaɗai. Sannan a gina ramin, a tara ƙasar ciki a wani gefen. A shimfiɗa ƙasa mai laushi, a kwantar da bututu, a lulluɓe shi da mai laushi domin kada dutse ya ƙwarzane rigar da ke hana shi tsatsa. A mayar da ƙasar ciki, a danne, sannan daga ƙarshe a dawo da ta sama. Akan bar ɗan tudu a bisa layin, domin idan ruwa ya sauka ƙasar za ta zauna. Duk sirrin a jerin yake. Wadda ta fara fita ita ce ta ƙarshen komawa.

A nan ne lissafina na farko yake buƙatar gyara, domin lodi dubu hamsin yana da ban tsoro fiye da gaskiyarsa. Idan faɗin filin aikin ya kai, a ce, mita 25, aka baje rarar a kai, kaurinta ba zai wuce yatsu biyu ba. Matsalar ba yawa ba ce, iri ce. Rarar nan ƙasar ciki ce, jar marmara da tsakuwa da yumɓu, wadda ba ta taɓa ganin saiwar gero ba. A gonakin tudu irin namu, inda ƙasar da ke ciyar da shuka sau da yawa ba ta wuce kamu ɗaya ba, direban da ke sauri ya haɗa tulin biyu wuri guda ya gama da gonar. Ƙara da nauyin injuna da ke danne ƙasa har ta koma fako, ruwa ya riƙa gudu a kai maimakon ya shiga. Ko a Amurka, inda ƙasar noma ke da kauri kuma lauyoyi ke tsaye, masu bincike na jami'ar jihar Iowa sun auna gonakin da bututun Dakota Access ya bi, suka ga a damina biyun farko masara ta ragu da kimanin kashi 15 cikin ɗari, waken suya da kashi 25. Namu manomin kuwa Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta tanadar masa diyyar amfanin gona da itatuwa da gini. Buhunan da zai rasa a shekara ta biyu da ta biyar, wa ke ƙirga su?

Amma wannan jar ƙasar da ke kashe gona ita ce ake saye da kuɗi a wani wuri. Ita ake nema a cike hanyar ƙauye da ke yankewa da damina, ita ake zubawa a harsashin aji, ita mai bulon ƙasa ke so, ita za ta toshe bakin kwazazzabon da ke cin gefen gari. Abin takaici ne a ga kamfanin hanya yana buɗe sabon rami a gonar wani domin ya sami marmara, alhali ba nisa wani aikin yana neman inda zai zubar da ita, don kawai ma'aikatun biyu ba sa magana da juna. A Landan, da aka haƙa ramin jirgin ƙasa na Crossrail, kimanin tan miliyan uku na ƙasar an ɗauke ta a jirgin ruwa zuwa tsibirin Wallasea aka mayar da wurin fadamar tsuntsaye. Ba tausayin tsuntsu kaɗai ya kawo haka ba. Zubar da ƙasa a can akwai haraji mai nauyi, kuma an tsara inda za ta tun kafin a fara tono. Ba sai mun je Ingila ba ma. Manoman jihar Tawa a Nijar sun farfaɗo da fako da tassa da rabin wata: a gina ɗan rami, a tara ƙasarsa ta ɓangaren gangare ta tare ruwa, a zuba taki a ciki. Ganuwa ce ƙarama.

Sai dai akwai wurare biyu da tsohuwar al'ada za ta iya cutar da mu, kuma dole a faɗe su.

Na farko, ɗan tudun nan da aka bari a bisa layi. Ga idon mutumin da ya saba duk tulin ƙasa na mai buƙata ne, wannan tubali ne da Allah ya kawo. Alhali murfin bututu ne. Ƙasar da ke samansa, wadda akan bar ta kimanin mita ɗaya ko fiye, ita ce ke tsakanin garma da gas mai matsanancin ƙarfi. Wanda ya ɗebe ta ya bar kwari, ruwa ya mayar da kwarin hanyarsa, zaizaya ta ƙarasa aikin. Idan ba a ware wa gari rararsa a fili ba, aka ce ga taku ga wadda ba a taɓawa, mutane za su ɗiba inda ya fi kusa.

Na biyu ya fi nauyi, kuma Zamfara ta fi kowa saninsa. A Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba bisa ƙa'ida ba. Dalma ce. Duwatsun zinariyar da ake kawowa gida ana dakawa suna ɗauke da ita, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu. Maganin da aka yi a Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke, daga baya a Bagega a 2013, aikin ƙasa ne zalla: a kankare saman tsakar gida da fartanya, a kwashe a binne a rami na musamman, a kawo ƙasa mai tsabta da aka auna a shimfiɗa. Fiye da kubik mita 27,000 aka kwashe daga gidaje da wuraren aiki sama da 800 a ƙauyuka takwas. Har kududdufai sai da aka bi, domin a cikinsu aka wanke dutsen, kuma daga cikinsu ake ɗibar ƙasar tubali. Zagayen nan da na yaba a sama, daga rami zuwa bango, shi ne ya zama hanyar guba. Magini yana gane ƙasa da ido da tafin hannu, amma dalma ba ta da launi a cikin jar ƙasa. Dogon rami da zai ratsa jihar da duwatsunta ke da jijiyoyin ma'adini, ya kuma bi ta tsofaffin wuraren wankin zinariya, ba a raba ƙasarsa ga makarantu sai an auna ta. Na'urar da aka yi aikin Bagega da ita ta hannu ce, a cikin ɗan lokaci take ba da amsa.

Saura tambayar da ba a cika yi ba: ƙasar ta wa ce? Manomi zai ce daga gonarsa ta fito. Ɗan kwangila zai ce a cikin filin da aka ba shi take. Dokar ma'adinai ta 2007 kuwa ta sa marmara da yashi da tsakuwa cikin abubuwan da ba a haƙa don sayarwa sai da izinin gwamnatin tarayya. Inda aka bar abu tsakanin masu shi uku, mai tifa ne ke ɗauka da dare. A zamanin ganuwa wannan ba ta taso ba, domin mai unguwa ya san yankinsa na rami kamar yadda ya san yankinsa na bango.

Dokar 1992 ta tanadi a baje rahoton tasirin aiki a bainar jama'a, a ba mutane dama su yi magana kafin a amince. Yawancin lokaci rahoton yakan kwana a ofishin ƙaramar hukuma, cikin Turancin da ko mai digiri sai ya yi da gaske, har wa'adin ya wuce. A nan ne 'ya'yan yankin da suka yi karatu suke da aiki, injiniya da malamin gona da lauya da ma'aikacin lafiya. Shafin da za su nema ba shi da yawa: a ina za a tara ƙasar sama, wa zai tsaya ya ga ba a gauraya ta ba, wa zai auna rarar, a wane fili za a sauke ta, kuma wa zai dawo bayan damina ta farko ya cike inda ya lotsa. Dagacin Mada ko na wani ƙauye a Bunguɗu ba ya buƙatar a koya masa inda garinsa ke son ciko. Ya san mashigin da ke hana mata zuwa asibiti a watan Agusta, ya san ajin da ruwa ke kwanciya a ƙofarsa. Abin da yake buƙata shi ne a tambaye shi tun takarda tana kan tebur, domin ranar da katafila ta iso, direbanta da awon mita ake biyansa, kuma kafin la'asar ya wuce gonar.